Gurnanin Ɗakin Malam Jibo

Birnin Kudu,
ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga yaron gidan nan,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai yawa tare da sa albarka. Ina roƙon Allah Ya sa ka buɗe wannan takarda kana cikin ƙoshin lafiya, Ya raba ka da direba mai gaggawa da abokin tafiya mai dogon hannu, Ya sauke ka lami lafiya a sabon birnin nan na tarayya da ake ginawa. Amin.

Na ce wa ƙanwarka ta cusa takardar a ƙasan akwatinka, ƙarƙashin bargo, don kada ka gan ta sai ka isa. Za ka yi mamaki, na sani. Tun da na koyi boko a ajin yaƙi da jahilci ban taɓa rubuta abin da ya wuce awon kwano ba. Ni da kai kuma, tun da ka yi wayo, hirarmu ba ta wuce "miƙo almakashi" da "to, Baba". Kai ɗan fari ne, haka muka tarar ana yi, ba a kiran sunanka, ba a yabonka a kan idonka. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma ni sai ranar tafiyar na tashi fafewa, kuma kakarka Iya ce ta jawo.

Shekaranjiya da safe ina tsugune ina gaishe ta, tana shan koko, sai ta dube ni ta ce, "To Ado, angona zai tafi. Ni ma na ajiye aikin injiniya, sai ku nemi wata."

Na ce, "Wane aikin injiniya kuma, Iya?"

Ta yi dariya har koko ya sarƙe ta. Da ta gama tari ta ce, "Kai dai kanka ya fi uwar maƙera tauri. Ni da ko rediyo ban iya kunnawa ba, a ina zan san gudun fanka? Duk abin da na gaya maka a kan ɗakin tsohon nan na Gwaram, jikana ne yake zuwa ya zauna a bakin gadona ya biya mini, in haddace, in kawo maka da zafinsa."

Na daɗe a tsugune ban tashi ba. Shekara da shekaru ina yawo a kasuwa ina gaya wa mutane uwata ta fi injiniyoyin Kano kai, ashe ɗana ne a bayan labule. Farin ciki ya kama ni irin wanda ban san inda zan sa shi ba. Bayansa kuma tsoro ya biyo, domin inda za ka babu Iya. Wannan tsoron ne ya zaunar da ni da alƙalami. Kai ka san labarin ta ɓangarenka, bari in ba ka shi ta nawa, da duk inda na yi tuntuɓe a ciki.

Ka san asalinmu maƙeran fari ne. Kakanka da garwar kananzir yake yin mazurari da fitila da akwatin amare, kuma a wurinsa babu abin kunya kamar lotsawa a jikin kwano. Akwati in ya fito daga hannunsa sai ka ga fuskarka a murfin. Da wannan tarbiyyar na tafi Kano bayan samun mulkin kai, na shiga wani kamfani a Bompai da ke haɗa bututun iska na masaƙu da manyan ofisoshi. A can na ga suna karya fallen kwano daga kusurwa zuwa kusurwa, a gicciye, kafin su haɗa shi bututu. Ban tambaya ba. Na ɗauka ado ne irin na waɗanda ba su iya dukan kwano ya kwanta ba, na ce a raina ranar da na zama mai gidan kaina ba zan ɓata kwano da wannan shirme ba. Wannan shi ne tuntuɓena na farko, kuma tun kana goye na yi shi. Saboda haka duk abin da ka ga ma'aikata suna yi wanda bai yi maka kyan gani ba, ka tambayi dalilinsa kafin ka raina shi, ko da kuwa mai yin ba zai iya yi maka bayani da Turanci ba.

Da kuɗin mai ya shigo ƙasa, Alhaji Sule mai motoci ya gina gidan nan nasa na Gwaram, ya sayo injin wuta da babbar iyakwandishan, wadda ake ajiye ta a waje, fankarta ta turo sanyi ta cikin bututu. Ba don kansa ya yi ba. Don mahaifinsa ne, Malam Jibo, tsohon manomin Farin Dutse da ciwon ƙirji ya kama, likita ya ce zafin bazara shi ne babban abokin gabarsa. Alhaji ya so ya ɗauke shi zuwa Kano, tsoho ya ce in an kai shi Kano to a haɗa da likkafani. Sai aka ce a kawo masa sanyin har gida, aka kira ni in haɗa bututun. Kai lokacin kana hutu daga makarantar fasaha, gemunka ya fara tsirowa, na tafi da kai.

Na zuba basira a aikin nan, ba zan ɓoye ba. Bututu mai faɗi, mai kusurwa huɗu, shafal kamar madubi, babu karaya ko ɗaya. Na ɗaure shi da noti a bakin fanka tamau, na dasa fankar a kan daɓen siminti tamau, don ni a sanina abin da ya ɗauru shi ne aiki. Wuri ya yi ƙaranci, sai na karya masa gwiwa nan take a bakin fankar, ya shige ta saman silin ɗin ɗakin tsoho. Ranar da aka kunna, sanyi ya sauko, Alhaji yana ta dariya yana ɗaga hannun riga. Aka shigo da Malam Jibo. Ya dubi gadon ƙarfen da aka saya masa ya ce a ba baƙi, ya sa aka shimfiɗa masa katifarsa da buzunsa a ƙasa, can cikin kusurwa, kansa a jikin bango. Bai jima da kwanciya ba ya tashi zaune.

Ya ce, "Akwai wani abu a ɗakin nan."

Alhaji ya ce, "Sanyi ne, Baba."

Ya ce, "Na san sanyi, na girme shi. Wannan gurnani yake yi, kuma ba a kunnena yake yi ba, a nan yake yi." Ya dafa ƙirjinsa.

Ni kuwa na tsaya a tsakiyar ɗaki, na karkata kai kamar zakara, ban ji komai ba sai ɗan siririn shuu na iska. Na ce, "Babu komai, Baba, rashin sabo ne." A lokacin na gan ka ka hau tsani ta ƙofar silin, ka shimfiɗa tafin hannunka a jikin bututun, ka rufe ido. Ka sauko ka dube ni, sannan ka dubi ƙasa. Na ga wannan duka da idona, na wuce ka, don uba ba ya tambayar ɗan fari ra'ayinsa a gaban mutane.

Ka riƙe wannan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In mutum ya ce maka wuri yana damun sa, kada ka tsaya inda ya fi maka sauƙin tsayuwa ka yanke masa hukunci. Ka je inda yake zama ka zauna, inda yake kwanciya ka kwanta. Ƙara mai kauri ba kamar siririya take ba, tana taruwa a jikin bango da cikin kusurwa, ta bar tsakiyar ɗaki fayau. Kai ka san wannan a littafi tun kafin ni in san shi a haƙarƙarina, amma ina gaya maka don kada wata rana babbar riga ta hana ka kwanciya a ƙasa.

Malam Jibo ya tattara buzunsa ya koma gindin durumin ƙofar gida, ana tsakiyar bazara, iska kamar daga bakin tanda. Mutanen gida suka fara cewa an gina ɗakin a kan hanyar mutanen ɓoye, aka yi hayaƙi, aka yayyafa rubutu. Ni ban yarda da wannan ba, amma abin da na yarda da shi bai fi nasu ba. Na ce injin wuta ne. Na sa ƙarti suka ja shi har bayan katangar baya, suka yi gumi suka ci tuwon Alhaji, aka kunna, tsoho ya leƙo ya koma gindin bishiyarsa. Kullum ina ganin ƙafafunsa suna ƙara kumbura, numfashinsa yana ƙara gajarta.

Da muka dawo gida a ƙarshen makon, Iya ta aika a kira ni. Ni ba ɗan farinta ba ne, shi ya sa take kiran sunana gatsal kamar tana kiran akuya.

Ta ce, "Ado, tsohon nan a tsaye yake barci?"

Na ce a'a.

"To kai me ya sa kake saurare a tsaye? Kuma in yara biyu suna ɗaki ana jin kuka, ai ɗaya ake fitarwa a gane mai yi. Ba a kama na kusa a doka."

Na koma Gwaram na kwanta a kusurwar nan, kaina a jikin bango. Wallahi ban ƙara ganin laifin tsohon ba. Wani diri ne yake tasowa ta ƙasa da bango ya shiga haƙarƙari, ya zauna a bayan ido, kamar babbar mota ta tsaya a ƙofar gida ba a kashe ta ba kuma ba za ta tafi ba. Na ce ka kashe fanka ka bar injin wuta. Ɗif, abin ya ɗauke. Da na yi haka tun farko, da ƙartin nan ba su sha wahalar banza ba. In abu ya rikice maka, ka riƙa kashe ɗaya kana barin ɗaya har mai laifi ya fito, kada ka fara da wanda ka riga ka tsana.

Na gane bututuna ne, amma ban gane me ya same shi ba. Na tuna a Kano ana shimfiɗa wata auduga a cikin bututu don ƙara, sai na sayo audugar rimi, na ɗinke ta cikin yadin akoko siriri-siriri, muka kwance bututu muka manna muka mayar. Kai ne ka riƙe mini allura, amma na lura hannunka ba ya sauri kamar yadda ya saba. Da aka kunna, shuu ɗin nan ya mutu murus. Gurnani kuwa sai ya fito tsirara, don dā ɗan shuu ɗin ne yake rufa masa asiri. Har Alhaji da ba ya ji dā, ranar ya ji. Bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Malam Ado, ni ba sanyi nake nema ba, tsohon nan nake nema." Maganar ta fi mari zafi.

Ba a daɗe ba abin da ake tsoro ya faru. Wata rana bayan azahar Malam Jibo ya miƙe daga gindin durumi zai yi alwala, ya yanke jiki ya faɗi. Aka sa shi a ɗaya daga motocin ɗansa aka kawo shi asibiti nan Birnin Kudu. Ranar babarka ta ba ni labarin ko taɓa tuwonka ba ka yi ba, ka mayar da kwanon yadda aka kai maka shi. Na ɗauka tausayi ne kawai.

Washegari da hantsi sai ga Iya a rumfar aikina, ita da ba ta taɓa taka ta ba, yarinya tana biye da ita da babban tiren ƙarfe da tulu da gammo, kamar mai shirin talla. Kai kana can gefe ka duƙufa kana goge abin da ba ya buƙatar guga.

Ta ce, "Zauna, Ado. In ana daka a unguwar gabas, kana ji daga nan?"

Na ce ina ji.

"Hirar masu dakan fa, kana ji?"

Na ce ba na ji.

"To hira zana ma tana tare ta. Daka kuwa ta ƙasa yake bi, sai katanga mai kauri. Kai ka je ka tare hira ka bar daka. Audugarka ta yi aikinta, ba nata ba ne wannan." Ta ɗauki tiren ta riƙe gefe da gefe ta girgiza, ya yi wam-wam-wam. Ta ajiye, ta mari cikin tulu da tafin hannu, ya yi ɗan tim ya yi shiru. "Ka gani? Mai faɗi shafal ganga ne. Mai zagaye ba ya amsawa. Kai ganga ka ƙera wa bawan Allah ka rataya masa a ka."

Sannan ta ɗaga gammo ta ce in ana da majinyaci a gida, ai tsumma ake sa wa turmi a gindi, me ya sa ni na dasa tawa fankar a kan siminti tsirara, na kuma ɗaure ta da bututu kamar an ɗaura musu aure. Daga nan ta ɗan tsaya, ta dubi rufin rumfa kamar mai neman aya, ta ce, "Saura maganar gargare. A sa wa fanka gargare babba, wilin nan da bel yake hawa, bel ya juya ta a hankali, a faɗaɗa wa iska hanya. Kuma kada a sa ta shan kwana tana fitowa, ko mota ba ta shan kwana a guje."

Tsohuwar da ba ta san inda ake zuba wa keke mai ba tana maganar gargare da bel, ni kuma na zauna ina gyaɗa kai ina cewa ikon Allah. Yau in na tuna sai in yi wa kaina dariya. Ina jin zuciyata ta so ta gane, girman kai ya ce mata ta yi shiru, don karɓar gyara daga uwa ya fi sauƙin haɗiya.

Muka koma muka sauke madubina. Ba zan ce ban ji zafi ba da na ga faffaɗan kwanon nan a ƙasa, awaki suna hawa. Ba mu da injin naɗe kwano, kai ne ka nuna guntun giginyar da ke yashe a bayan gida ka ce, "Baba, ko wannan ka ce a kawo?" Ban ce ba, amma na ce e. A jikinsa muka naɗe bututu mai zagaye. Inda silin ya yi ƙasa ba zai ɗauki zagayayye ba, muka sa kwano mai kauri, na karya shi da hannuna daga kusurwa zuwa kusurwa, karayar nan da na raina a Kano, muka ɗaure shi da ƙarfe ta waje. Na buga shi da ƙulli, maimakon ya amsa sai ya yi gum. Muka raba fanka da bututu muka haɗa su da wuyan tamfol, muka yanko tsohuwar tayar babbar mota a garejin Alhaji muka yi wa fankar gammo. Magina suka tayar mana da ɗan akurkin bulo a gaban fankar, muka lulluɓe cikinsa da audugar gilas mai kauri, irin wadda na gani a Kano, a bayan raga, iska ta shiga ta huce kafin ta kama hanya. Gwiwar nan muka matsar da ita gaba muka yi mata lanƙwasa mai laushi.

Abin da ba zan manta ba shi ne allin. Ni nake riƙe da shi, don ni ne mai gida. Amma duk inda na kai hannu zan ja layi ba daidai ba, sai ka matso ka ce, "Baba, nan ka ce, ko nan?" yatsanka yana kan wuri na biyu. Ni kuma in ce, "Nan ɗin mana, ba ka ji ne?" Haka ka bi da ni tun daga bakin fanka har cikin ɗakin tsoho, ba ka bari ko magini ɗaya ya gane wa ke jan wani ba. Na yi aiki da Turawa da Kwara da mutanen Kudu, na ga masu ilimi iri-iri, ban taɓa ganin wanda ya san abu ya kuma ɓoye saninsa don ya rufa wa wani asiri kamar yadda ka yi ba. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A gidan nan ɗan ne yake gudu, yana waiwaye yana rage sauri don kada a ga barewar tana ɗingishi.

Aka sallamo Malam Jibo ya rame, sai idanu. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ya ƙi shiga sai da Alhaji ya roƙe shi. Aka shimfiɗa masa a kusurwarsa, ya kwanta, ya kafa kunne. Muna tsaye cirko-cirko. Can ya ce, "To ku kunna abin naku mana, in ji ko ya daina."

Alhaji ya ce, "Ai a kunne yake, Baba."

Tsoho ya ɗaga hannu sama ya ji sanyi yana sauka a tafinsa. Ya ce, "Ashe dai an sallami baƙon." Ya juya ya ba mu baya. Ranar sai da aka tashe shi sallar la'asar, kuma a ɗakin nan ya ƙarasa sauran bazarorin da Allah Ya ɗebar masa. Alhaji ya kama hannuna da hannu biyu yana godiya, kai kana waje kana tattara guntayen kwano.

Yanzu ga abin da ya sa na ba ka wannan dogon labari. Da Iya ta gama yi mini dariya shekaranjiya, na tambaye ta yaushe ka gane. Ta ce tun ranar farko. Tun lokacin da ka ɗora tafinka a jikin bututun ka ji yana rawa. Ka zo mata a rikice ka ce ka san ciwon, amma ba za ka iya buɗe baki ka ce aikin Baba ne ba. Ita ma ta ce tsoro ta ji ta kawo mini dukkan maganar a lokaci ɗaya, sai kuka riƙa ba ni kaɗan-kaɗan kamar maganin ɗaci. Kunyarka ta yi kyau, kuma ni na koya maka ita. Amma tsakanin ranar da tafinka ya sani da ranar da maganar ta gama isowa kunnena, tsohon nan yana gindin durumi, har ya faɗi. Da Allah bai sa da sauran kwanansa ba, da ni da kai mun ɗauki abin da ba za mu iya saukewa ba. Yanzu na san dalilin da ya sa ka mayar da tuwon.

Inda za ka gine-ginen ba irin na Alhaji Sule ba ne. Benaye ne, bututu kamar mutum ya shiga ya yi tafiya a tsaye, fanka kamar ɗaki. Waɗanda za su zauna a ƙarƙashinsu ba za su iya ɗaukar buzu su koma gindin bishiya ba. Akawu zai wuni kansa yana sarawa bai san dalili ba, majinyaci zai kasa runtsawa a ce masa rashin sabo ne. Za ka tarar da shugabanni masu furfura irin tawa da taurin kai irin nawa, kuma za ka ɗora tafinka ka ji abin da ba su ji ba. A can babu tsohuwar da za ta ɗauko tire da tulu ta je ta faɗa a madadinka. In ka dubi ƙasa, magana ta mutu, a rufe silin a kanta.

Don haka ka faɗa, kuma ka faɗa ranar da ka gani, tun ba a rufe silin ba. Ban ce ka zama mai baki ba, irin yaran da ke dawowa daga makaranta suna gyara wa kowa zama. Ka gaishe da mutum, ka ja shi gefe inda babu idon ma'aikata, ka roƙe shi ya ɗora nasa hannun inda ka ɗora naka. Kwano zai yi maka rabin maganar. Sauran rabin kuwa dole bakinka ya yi, a fili, ba "nan ka ce ko nan" ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya ji haushi yau zai huce, in bai huce ba ma ka dai fita haƙƙin waɗanda za su zauna a ɗakin.

Wata rana kuma kai ne za ka riƙe alli. In ka ga wani na ƙasa da kai ya taɓa aiki ya yi shiru ya dubi ƙasa, kada ka wuce shi kamar yadda na wuce ka. Ka kira shi ka ce, me ka ji? Tambayar nan ba ta fi ƙarfin bakina ba a ranar, al'ada ce na fake da ita.

Sauran ƙanana ne, ka san su. Ka toshe kunnenka da auduga in ana dukan kwano, kada ka zama irina da sai an maimaita mini sallama. Kada ka kusanci bel da hannun riga a sake. Ka riƙe salla a kan lokacinta ko da kana saman silin, ka sauko. Ka ci abinci, ka san halinka in aiki ya kama ka. Ka riƙa aiko wa Iya gaisuwa ta daban, don ta ce in ka auro 'yar birni ba ta sani ba sai ta kai ƙara wurin alƙali.

Akwai wani bututun fitar da zafi da na karɓa na gidan burodi a Sara. Mai shi ba ya gaggawa, ginin ma bai kai linta ba. Na yanka kwanon na jingine, ba zan haɗa ba sai ka zo hutun Salla. Na san akwai inda na kauce a awon, ina jin sa a jikina amma ban gano shi ba. Ina so ka zo ka tsaya a rumfar nan ka faɗa mini da bakinka, kana kallona. Na riga na gaya wa Iya ba na karɓar saƙo.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da shugabanni masu sauraro, Ya sa albarka a hannunka da kunnenka, Ya buɗe bakinka a inda shiru zai cutar. Allah Ya dawo mana da kai muna raye. Babarka tana gaishe ka, ko da yake ba za ta yarda ta ce ta ce ba.

Sunan da ke bayan ambulan ƙanwarka ce ta rubuta, don hannuna ya ƙi. Amma tunda na ce ka daina aike, bai kamata ni in ƙare da aike ba. Ranar sunanka ni na raɗa wa liman shi a kunne, daga ranar ban ƙara furta shi ba. Ga shi da hannuna.

Sa'idu, ka fi ni iya aikin nan, kuma ina alfahari da kai.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Ado maƙeri.